Matar da Ta Sayi Kwaɗo Kafin Ta Mallaki Ƙofa

Daga Allah muke, Goggo kuma ta riga mu komawa gare shi. Yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ranar Talata da hantsi muka raka ta makwancinta.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidanta na Hammadu Kafi muna karɓar gaisuwa. A kwana ukun nan na lura masu ta'aziyya sun kasa daidaitawa a kan ko wace ce aka binne. Limamin unguwa ya ce mace ce mai kyautata wa Allah zato, irin wadda ba a cika samu ba. Maƙwabcinta, wani tsohon ma'aikacin gwamnati, ya jira liman ya tashi, sannan ya sunkuyo ya ce mini, "Malam, Allah ya jiƙanta, amma tsakani da Allah taurin kai ne." Na ce amin, don farkon maganar tasa addu'a ce.

A cikin gida kuwa, tsohuwar ƙawarta da suka yi tallar kindirmo tare tun suna 'yan mata ta ƙi kuka, ta ƙi shiru. Faɗa take yi da mamaciyar. "Makon jiya na ce mata jikin nan ya yi nauyi, a tafi asibiti, ta ce mini sauƙi na kan hanya. To ai ga shi ya iso!" Mata suna ba ta haƙuri, suna danne dariya da bakin mayafi, suna share hawaye da shi. Yaran dangi sun sa hotonta a waya, kowa ya rubuta addu'arsa a ƙasa. Na san kafin sadakar bakwai wasu hotunan za su danne shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Goggo ba ta yi boko ba, a allo ma ba ta wuce izu biyu ba. A shekarun da na yi ina koyarwa na sha ganin littattafan nan da ake bazawa a bakin tasha, masu koya wa mutum sirrin cin nasara, da hoton marubucin a bango yana murmushi da haƙoransa duka. Na karanta uku ko huɗu don kada a ce ban yi musu adalci ba. Duk abin da ke ciki Goggo ta riga su sani, kuma ita ba ta buƙaci shafi ɗari uku ba. Tsarinta ɗaya ne. In tana son abu, sai ta shiga kasuwa ta sayo mafi ƙanƙantar ɓangarensa, ta ajiye a gida, sannan ta ɗaura ɗamara ta nemi sauran.

Bayan rasuwar mijinta, tana zaune a ɗaki guda a gidan danginsa a Jekadafari, ta shiga Kasuwar Gombe ta sayo kwaɗo, babba, irin na shago, ta rataye a ƙusa. Mahaifina ya tambaye ta na mene ne.

"Na gidana ne."

"Adda, wane gidan?"

"Wanda bai iso ba."

Shekara tara kwaɗon nan yana rataye. Tana soya ƙuli-ƙuli, tana tatsar man gyaɗa, tana ɗiga masa kaɗan don kada ya yi tsatsa. Ranar da aka kafa ƙofar gidan Hammadu Kafi sai aka tarar kwaɗon ya yi wa ƙarfen ƙofar kauri, ya ƙi shiga. Kafinta ya ce a sayo ƙarami. Goggo ta ce a canza ƙofar. Haka kuma aka yi. Jakar da ta je Makka da ita ma ta shekara shida a saman akwati kafin ta ga jirgi.

A gidanta ba a cewa babu. In gishiri ya ƙare, bai iso ba ne. In ka shigo kana kukan duniya, sai ta dube ka ta ce, "Gyara bakinka." Ni kaina ban tsira ba. Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga sakandare, mahaifina ya yanke a kai ni wajen mai gyaran keke. Goggo ta sayo jan biro, irin wanda malamai ke duba aiki da shi, ta miƙa mini a gaban jama'a, daga ranar kuma ta fara kirana Malam. Unguwa ta mayar da shi tsokana. Shekara talatin da biyar na yi ina jan layi a littattafan 'ya'yan mutane, kuma har yau ban tabbata ko ni na zaɓi aikin ba, ko kunyar Goggo ce ta zaɓa mini.

Farkon abin da ta taɓa saya ta wannan hanya shi ne majanyi na goyo. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan miji ba haihuwa, majanyin yana ƙasan akwati, dangin miji suna faɗin abin da suka saba faɗa. Sai ga taubashina, ɗa tilo, shi ne na fari shi ne na ƙarshe. Da yake ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta gaske, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yabonsa a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa. In ya faranta mata rai ƙwarai ya samu ƙarin girma ya zama "mutumin nan".

Ya tashi ɗan kasuwa, yana ɗaukar yadi da atamfa daga Gombe ya bi hanyar Biu yana cin kasuwannin ƙauye. Ya yi aure a makare. Yarinyar da ya auro, wadda har yau Amarya muke ce mata, 'yar wani magatakarda ce, mai sanyin hali, ta gama sakandare. Sun shekara ɗaya da 'yan watanni, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna.

Lokacin muna cikin shekarun nan da ba ma son tunawa. A shingen bincike fasinja kan sauka ya taka da ƙafa, hannuwa a sama. Kasuwa takan watse don tayar mota ta fashe. Gabas da mu an daɗe waya ba ta shiga. Mun ce masa ya dakata da tafiye-tafiyen nan. Ya yi dariya ya ce mini, "Taubashi, ku albashi ke biyo ku har gida, mu sai mun bi shi." Wata Laraba ya ɗaure kayansa ya hau mota. Motar ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba.

Babu inda ba mu shiga ba. Asibitoci, tashoshi, ofisoshin da ake barin mutum a tsaye a rana har la'asar. Wani ya ce ya ga irin motar a ƙone a gefen hanya. Wani ya ce mutanen daji sun sauke mazan sun shiga da su. Wani kuma ya rantse jami'an tsaro ne suka yi kame aka haɗa da su. Gawa dai ba mu gani ba. A mako na biyu Goggo ta shiga kasuwa ta sayo sabuwar hula, daidai kansa, ta ajiye a ɗakinsa.

Garin ya cika da waɗanda suka gudo daga Borno da Yobe. Goggo ta ba wata mata mai 'ya'ya huɗu ɗakin da take ajiye gyaɗa, kusan shekara biyu, kullum kuma tukunyarta ta fi ƙarfin mutanen gidan. Duk baƙon da ya zauna cin abinci sai ta tambaye shi, "Ba ku ga wani dogo ba, mai wushirya, yana jan ƙafar hagu kaɗan?" In aka ce, "Inna, yaya sunansa?" sai ta juya ta dubi Amarya. Amarya kuma tarbiyyar gidansu ba ta yarda mace ta kira sunan miji ba, sai ta dubi ƙasa. Mata biyu suna cigiyar mutum ɗaya, babu mai iya faɗin sunansa. Sau da yawa sai an aika an kira ni daga makaranta na zo na faɗa.

Da aka shekara, dangi suka taru suka ga ya kamata a yi masa sallar gawa ko da babu gawar, a yi sadaka. Suka duba wanda Goggo ba za ta iya kora ba, suka yi kuskure suka zaɓe ni. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Goggo, dangi ne suka aiko ni."

"Sun rasa babba ne?"

"Sun ce ko za a yi masa salla, a yi sadaka, zukata su huta."

"Ka ga gawa?"

"Ban gani ba."

"Wanda ya aiko ka ya gani?"

"Goggo, shekara guda fa."

"Shekara guda! Sha ɗaya na jira shi, lokacin ko duniya bai zo ba. Da ku ne da sai ku yi masa salla tun a ta biyu. Malam, gyara bakinka, in ba za ka iya ba ga takalmanka can."

Na ɗauki takalmana. Wata uku in na gaishe ta ba ta wuce "lafiya".

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Amarya takan danna lambarsa ta miƙa wa Goggo wayar. Muryar matar nan ta kamfani takan ce ba a samun lambar, a sake gwadawa an jima. Goggo ta so matar ƙwarai. Takan ce, "Kin ji, ita ma ta ce a sake gwadawa. Yarinya mai hankali." A shekara ta uku, wata Juma'a ina wurin, sai wayar ta shiga. Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Wani mutum ne daga can kudu, da guntuwar Hausarsa ya yi bayanin cewa shi sabon layi ya saya a makon nan, bai san kowa ba. Ashe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba sayar wa wani ake yi. Goggo ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To ɗana, ka riƙe shi da kyau, mai shi zai zo karɓa. Allah ya yi maka albarka." Amarya ta shige ɗaki. Ranar ba ta fito cin abinci ba.

Ita ce abin da duk muka kasa kallo sosai. Ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Ƙawayenta suna ta suna, tana zuwa taya su aiki. Goggo ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ko tsinke ba ta rasa ba, kowace salla da sabon ɗinki. Mahaifin Amarya mutum ne mai kawaici. Kowa a gari ya san magana ɗaya, cewa matar wanda ya ɓata shekara huɗu take jira. Sai ya ce zai jira shari'a, ba zai tayar wa tsohuwa hankali ba. Ya rubuta ranar da surukinsa ya fita a bayan kalanda, kowace shekara yana mayar da ita kan sabuwa. Zuwa kotu kuwa babu wanda ya ambata, don Goggo ta riga ta ce ba a kai maganar mai rai gaban alƙali.

Ranar da shekara huɗu ta cika ya sa babbar rigarsa, ya ce in raka shi kotu. Alƙalin dattijo ne, ya saurare mu da kyau, sannan ya ce, "Yaushe aka shigar da maganar?"

"Allah ya gafarta Malam, ai yau muka zo."

"To yau shekara huɗun za ta fara. Daga ranar da aka kawo magana gaban shari'a ake ƙirgawa, a bincika, a rasa shi. Ba daga ranar da ya fita ba."

Mahaifin Amarya ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana kallon cikinta. Ni kuwa da ake ce wa Malam, na karanta wannan babin tun ina ɗalibi, na ci jarrabawa a kansa, na manta. Da na tuna tun lokacin da ya ɓata, da yarinyar mutane ta gama jiranta a ranar.

Alƙali ya ce akwai wata hanya. In matar da kanta ta zo ta ce daɗewar ta cutar da ita, shaidu suka tabbatar ba a san inda mijin yake ba, zai iya raba auren ba tare da an ce mutumin ya mutu ba. Muka kai wa Amarya wannan bayani muna murna. Ta girgiza kai.

"Ba zan kai ƙarar Goggo ba."

"Ba Goggo za ki kai ba."

"Malam, ai ita za ta ji a jikinta. In na tafi, ta san na fid da rai. Wa zai danna mata waya?"

Na tattara ƙarfin hali na faɗa wa Goggo duk yadda aka yi. Wannan karon ba ta nuna mini takalma ba. Ta ce fura tana cikin ƙwarya in zan sha.

Damina ta shigo, rufin ɗakin Amarya ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatinta. Da rana ta fito suka kwaso kayan suna shanyawa su biyu. Amarya ce ta ba ni labarin daga baya. A ƙasan akwatin Goggo ta ci karo da majanyi, sabo, ko karin ninkinsa bai baje ba.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Goggo."

"Yaushe kika saya?"

"Makon da aka kawo ni. Ke kika ce haka ake yi."

Goggo ta daɗe tana riƙe da shi. Ta shanya shi a igiya da hannunta, ta zauna a inuwa tana kallonsa har ya bushe. Washegari da sassafe ta aika a kira ni. Na tarar ta sa mayafinta na Makka.

"Nemo mana keke napep. Kotu za mu."

A gaban alƙali Amarya ta faɗi nata da muryar da sai an kasa kunne. Ni da maƙwabci muka ba da shaida. Sannan Goggo ta ce tana da magana. Alƙali ya ce ta fara da sunan ɗanta, don a rubuta. Na buɗe baki zan faɗa kamar yadda na saba, ta ɗaga mini hannu. Ta faɗi sunan, cikakke, da na ubansa. Shekara arba'in ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

"Hajiya, kina zaton yana raye?"

"Yana raye. Bai iso ba ne."

"To me ya kawo ki?"

"Allah ya gafarta Malam, ni na haife shi, jiran nawa ne. Na iya shi, na saba. Yarinyar nan kuwa ita ma akwai abin da take jira, ni na tsaya mata a hanya ban lura ba. Ka sallame ta."

Alƙali ya daɗe yana gyara tabarau kafin ya yi rubutu. A cikin keke muna dawowa, da muka kusa gida Goggo ta ce wa mai keken yana gudu kamar an biyo shi.

Amarya ta yi idda a gidan mahaifinta. Bayan shekara ta auri wani tela da matarsa ta rasu. Goggo ce ta tsaya a matsayin uwa, ta sayi kwanuka, ta raka ta har ɗaki, ta kuma ja wa angon kunne a gaban abokansa. Yau Amarya tana da 'ya mace. Shekara huɗun nan dai babu kotun da za ta mayar mata, kuma Goggo ta san haka. Sau ɗaya ta taɓa cewa da ni, tana kallon wani wuri, "Na cuci yarinyar nan da alheri." Littattafan bakin tasha babu mai babi a kan wannan.

Daga nan gidan ya yi mata girma. Ta rage suya, daga baya ta daina. Kowace Juma'a takan share ɗakinsa da kanta, ta kaɗe hular. Ba ta taɓa yarda a yi masa salla ba, mu ma ba mu sake tambaya ba. Masu cewa imani ne da masu cewa taurin kai ne duk sun ci tuwonta, kuma ban ga abin da zai hana duka biyun zama a jikin mutum ɗaya ba.

Ranar Litinin da la'asar, kwana ɗaya kafin rasuwarta, ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin ta bar ni. Amarya tana tsakar gida tana dama mata kunu, don ita ta yi jinyar, ita kuma Goggo ta yi wasiyya ta yi mata wanka. Na matsa kusa, ina zaton maganar gida za ta yi ko ta likkafani.

"Malam."

"Na'am, Goggo."

"In wancan ya iso ya tarar ɗakin babu kowa, zai yi fushi. Ka san zuciyarsa. Ka tare shi tun a ƙofa. Ka ce masa ni na kai ta kotu, ni na ce a sallame ta. Ita ta jira, ta ƙi tafiya. Kada ya je ƙofar gidan mutane yana hayaniya, yarinya tana zaune lafiya."

"To, Goggo."

"Maimaita."

Na maimaita mata kalma bayan kalma, kamar ɗan aji ɗaya. Ta gyara mini wuri guda, inda na manta cewa Amarya ta ƙi tafiya. Sannan ta lumshe ido ta ce a kawo kunun.

Allah ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa ta tarar da abin da ta zata a wurinsa. In taubashina ya riga ta isa can, to ta faɗa masa da bakinta. In bai riga ta ba, saƙon yana wurina, kuma ban canza gida ba.